Guɗar da Ban Yi Ba

Litinin, da hantsi

Asiya ce ta ba ni wannan littafi, ragowar na makarantarta, da guntun biro. Ta ce, "Inna, tunda bakinki ya yi yaji, sai hannu ya riƙe masa aiki kafin a je biko." Autata ce, kuma ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, shi ya sa bakinta ba linzami.

Ni Hure, duk wanda ya san ƙauyen nan ya san guɗata. Daga nan har unguwannin bakin Zakirai, da wuya a sami amaryar da aka kai ɗaki ban kama hanci na rangaɗa mata ba. Wasu na yi wa iyayensu mata, na zo na yi musu. Yau ga ni, in ina son a miƙo min ludayi sai na buga kwano. Muryar ta dishe tun ranar sunan jikan Mairo maƙwabciyata. Ina tsakiyar guɗa na ji wani abu ya karce a wuyana, na ƙarasa da tari. Na ce mura ce ke tafe. Murar ba ta zo ba, muryar ma ba ta dawo ba.

Allah ya saka wa malamar yaƙi da jahilci da alheri, wadda muka riƙa yi wa dariya muna cewa me uwar 'ya'ya za ta yi da boko. Ga ranarsa ta zo.

Bikin Asiya sai an yanke dawa. Da sauran lokaci. Lafiya lau nake.

Laraba, bayan la'asar

Na sha citta, na sha kanumfari, na tsotsi jar kanwa har harshena ya yi kaushi. An ce zuma, to zuma a wannan shekara sai gidan mai hali. Bana ko taki ba mu saya ba, kashin awaki Malam ya yi ta jida a mangala, amma Allah bai kunyata mu ba. Gero ya yi kai, gyaɗa ma ta cika ƙasa. Ina zaune a gindin darbejiya ina tsinkar gyaɗa, iska na kaɗawa, awaki na cin harawa, wallahi ba abin da ke damuna sai abu guda.

Abin shi ne Malam. Malam Badaru, maigidana, kunnensa ya yi nauyi shekara da shekaru. In na ce, "Malam, ga tuwo," sai ya ce, "Wa ya zo?" Sai na buɗe murya na maimaita, har mutanen bayan katanga su san an sauke tukunya a gidanmu. Haka muke zaune, mun saba, ni ce ma kaɗai yake ji ba wahala saboda Allah ya ba ni maƙogwaro. Yanzu maƙogwaron ya tafi. Na rubuta masa magana a littafin nan, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya miƙo min. Shi ajami ya iya, ni boko. Sai Asiya ta zo ta karanta, ta sa baki a kunnensa ta faɗa masa. Mun yi ta dariya mu uku.

Da ta fita ɗebo ruwa sai dariyar ta tsaya min. Asiya ta kusa tafiya gidanta. Yayyenta duk suna kudu wajen nema. Wa zai tsaya tsakanin kurma da bebiya?

Alhamis, da azahar

An ɗaure geron gonar gabas. Murya shiru.

Asabar, da yamma

Na gano dabara. In na yi raɗa, magana tana fita sarai, ba sai na yi ta kakari ba. Na ce to, ashe haka zan riƙa lallaɓa muryar tana hutawa har ranar biki. Tun safe nake raɗa kamar mai sayar da kayan sata.

Sai dai dabarar ta ja min. Mun shiga gidan Mairo taya ta sussuka, ta kawo mana fura. Na jawo Asiya na raɗa mata a kunne cewa ta tuna ta kwashe shanyar kuɓewa kafin kaji su gama da ita. Asiya ta ƙyalƙyale da dariya don ta riga ta manta. Ina ɗaga kai na ga Mairo ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallonmu. Ta ce, "Hure, in furar ce ba nono, ai sai ki faɗa da ƙarfi. Kowa ya san abin da nono ya zama a garin nan." Na yi ta girgiza kai ina nuna wuyana. Ta ce, "Wuyan da ya iya gulma ai bai mutu ba."

Mun fi shekara talatin muna ara wa juna gishiri da matar nan. A garinmu raɗa ba ta da wani suna sai gulma, ni ce na manta. Furar kuwa gaskiya ba nono, amma ban faɗa ba.

Lahadi, bayan sallar asuba

Na shafa wuyana hagu da dama. Ba komai. Haka kawai na shafa.

Talata, da hantsi

Ɗan Iya wanzami ya zo yi wa Malam aski a zaure. Da ya ji labari ya ce a kira ni. Ya sa na buɗe baki na fuskanci rana, ya danne harshena da cokali, ya leƙa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga ɓarawo a rumbu. Ya ce, "Belu ne. Ya sauko ya kwanta a kan murya. Yanzu-yanzu sai in ɗauke shi, jibi ki yi guɗa har a ji a Zakirai."

Na rubuta, Asiya ta karanta masa: belun da ubanka ya cire min ina 'yar kwana bakwai? Ya ce, "Yana tohowa, Hure. Kamar zogale ne, in an sare sai ya fito da ƙarfinsa." Malam da aka gama fassara masa ya ce, "To a cire mana, me ake jira?"

Ba zan ɓoye ba, na so. Ɗan Iya ba baƙo ba ne, shi ya yi wa 'ya'yana maza kaciya, hannunsa da sauƙi. Kuma ya ce jibi. Wa ya ƙi jibi? Har ya fara kwance zabira. Asiya ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba Ɗan Iya, ka yi haƙuri, a bari Muntaka na asibiti ya gani tukuna. In ya ce a yanka, ni zan riƙe mata kai." Ɗan Iya ya naɗe zabirarsa yana cewa yaran yanzu sun fi iyayensu sani. Na tambaye shi da hannu ko shi an taɓa cire masa nasa sau biyu. Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Laraba, bayan azahar

Mun je asibitin sha-ka-tafi. Muntaka ne malamin asibitin, ɗan garin nan, ni na yi guɗar auren uwarsa. Ya haska min fitila a baki ya ce belu yana nan guntunsa yadda aka bar shi, ba ruwansa. Ya ce inda murya take can ƙasa ne, ido ba ya kaiwa, aska ma ba ta kaiwa, in aka yi yanka a nan jini kawai za a zubar a banza.

Ya tambaya tun yaushe. Asiya ta ce tun sunan jikan Mairo. Ya ce, "Inna, dishewar mura kwana kaɗan take yi ta wuce. Duk muryar da ta haura sati uku ba ta dawo ba, ba ta citta ba ce, ba kuma ta wurina ba ce. Sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a birni."

Daga nan ya shiga jero tambayoyi. Abinci yana wucewa ko yana tsayawa? Akwai ƙullutu a wuya? Kin taɓa ganin jini a kaki? Kunne ɗaya yana miki ciwo in kin haɗiya? Numfashi fa? Zanenki ya fara yi miki yawa? Duk na girgiza kai. Amma na san tambayoyin nan. Na san su ɗaya bayan ɗaya, a jere yadda ya jero su, domin na taɓa zama a gefen tabarma ina kallon amsarsu tana zuwa.

Yaya Kaltume ma, yayata, Allah ya jiƙanta, da murya ta fara.

Ba zan yi wannan maganar ba. Ya ba mu takarda, na sa ta ƙarƙashin kwalla. A hanyar dawowa mun ga dawa ta fara ja, sai sheƙi take yi.

Alhamis, da safe

Ba inda za ni. Kuɗin mota zuwa Kano yanzu ya fi ƙarfin mai biki a gaba. Lafiya lau nake.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na dafa dambun zogale da ƙuli, ya yi daɗi har Malam ya nemi ƙari. Khalilu, angon Asiya, ya zo gaisuwa daga Zakirai inda yake gyaran babura, ya kawo rake. Yaron kirki, ita ta zaɓo abinta, kuma ta iya zaɓe. Ya durƙusa yana gaishe ni, ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Ya ce, "Inna, duk abokaina sun ce ba don ni za su zo ba, guɗarki za su zo ji." Na yi murmushi. Da ya tafi na shiga bayan ɗaki na kama hanci na gwada a hankali. Abin da ya fito, ko ɗan tsako ba zai firgita ba.

Mairo ta wuce ta ƙofar gida ba ta leƙo ba.

Asabar, bayan sallar asuba

Na shafa. Ba komai.

Lahadi, da la'asar

Asiya ta ci amanata, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗauko takardar Muntaka ta kai wa ubanta a zaure, ta faɗa masa komai a kunne. Ina tankaɗe na ga Malam ya shigo ko takalmi babu. Shi da ba ya jin muryar kansa, in zai yi magana sai ya ɗaga ta kamar mai kiran shanu. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Hure! Haka muka zauna da Kaltume, yau citta gobe rubutu, har abinci ya daina wucewa! Da muka kai ta suka ce mun makara! Ba za a maimaita min wannan a gidana ba!"

Sunan da na yi makonni ina kewayewa, shi ya ɗauke shi ya buga a tsakar gida, duk unguwa ta ji. Na ji haushi ƙwarai. Na kuma ji kamar an sauke min dami daga ka. Na yi kuka, shi ma ya juya baya yana gyara zaman hularsa da ba ta karkace ba.

Ya ce gobe zai kai gyaɗa kasuwa. Gyaɗar da muka ware don hidimar biki ce. Na rubuta cewa biki fa? Asiya ba ta ma karanta masa ba, ta ce, "Inna, a yi biki da ruwan randa in ta kama."

Litinin, da magariba

Mairo ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa, ta ajiye ƙwarya a gabana. Fura ce, da nono har yana kauri. Ta zauna ta ce, "Na ji Malam jiya. Ke ma da baƙin zurfin ciki, ba sai ki faɗa min ba?" Na nuna mata wuyana. Ta ce, "Af, na manta." Muka yi ta dariya har hawaye. Ita ce ta wanke Yaya Kaltume tare da ni, ba sai an yi mata bayani ba.

Laraba, da yamma, a Kano

Mun sauka gidan ƙanen Malam. Mota ta cika har a kan cinyar juna, kowa da buhu, kowa da labarin tsada. Asibitin gari ne guda. Mun yanki kati, mun bi layi, aka ce gobe da safe. A kan bencin na ga abin da ban taɓa sani ba, wai ashe kunne da hanci da wuya duk gida ɗaya ne, likitansu ɗaya. Ga mai yaron da kunnensa ke zubar da ruwa tun bara, ga dattijon da haɓo ya ƙi tsaya masa, ga wata da hancinta ya toshe ɓari guda har ba ta jin ƙanshin miya. Ga wata yarinya da ta tura ƙwayar wake a hanci, uwarta ta yi ta zaƙulo da tsinke har ya shige. Kowa na ba kowa shawara, ni kaɗai ce ba ta sa baki ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihi.

Ban ci abincin kirki ba. Ba don ya ƙi wucewa ba. Na gwada da ruwa, yana wucewa.

Alhamis, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Bari in rubuta shi da kyau.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar babban ɗana ba. Ta fesa min wani magani mai ɗaci a hanci, ta ɗauko wata siririyar roba mai fitila a kai, ta ce, "Inna, ta hanci za mu bi mu leƙa." Na ce a raina, hancin da na yi shekaru ina kamawa yau shi ake bi a kamo ni. Ba zafi, sai hawaye. Ta ce in ce "iii". Ta juyo min allon na'urar, na ga cikin wuyana da idona, wasu 'yan tsoka biyu farare suna buɗewa suna rufewa, kowace da ɗan tudu a gefenta kamar ƙwayar gero. Gani ya kori ji.

Ta ce, "Kin san kantar da ke fitowa a hannun manomi? To ita ce ta fito miki a kan murya. Aiki ne ya yi mata yawa." Na kama hannun rigarta. Ta dube ni ta ce, "Ba abin da kike tsoro ba ne, Inna. Na duba ko'ina. Kuma kin kyauta da kika zo, don daga waje ba mai iya bambance wannan da wancan." Asiya ta durƙushe a ƙasa tana hamdala.

Likita ta tambayi sana'ata. Asiya ta ce guɗa. Ta ce guɗa ai ba kullum ba ce, me kuma nake yi da murya haka? Kafin a ba ta amsa Malam daga kujerarsa ya ce, "Me ta ce? Za a yanka?" Ni kuma sabo ya sa na juya na ɗaga wuya zan ƙwala masa amsa, wani kukan agwagwa ya fito. Likita ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "To, ga rabin ciwon nan a zaune da hula. Baba, matso in ga kunnenka."

Ta leƙa ta ce da me yake sosa kunne. Asiya ta ce gashin kaza, in babu, tsinken ashana, kullum bayan sallar azahar kamar wuridi. Likita ta ce duk dattin da kunne ke turowa waje, shi yana mayar da shi ciki yana dannawa, har ya zama toshe. Ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce mu dawo ranar Litinin a wanke.

Sannan ta juyo kaina da dokoki. Ba ihu. Ba kakari. Ruwa da yawa. In nisanci hayaƙin murhu. Magana kaɗan, a hankali, da muryar da ta samu. Na raɗa mata cewa ai raɗa nake yi tuntuni don muryar ta huta. Ta riƙe baki ta ce, "Raɗa ta fi magana wahalar da ita, Inna. Matse ta kike yi." Ashe makonnin nan duk ina ƙara wa kantar girma ne, na kuma kusa rasa maƙwabciya a kai.

Na rubuta mata: guɗa fa? Bikin autata ya kusa. Ta ce, "In kika huta, ina sa ran za ta baje da kanta, ki dawo in gani. In kika yi guɗa yanzu, za ki iya mayar da mu baya har sai an yi aiki, kuma ban yi miki alkawarin muryar da za ta rage ba. Ke za ki zaɓa."

Juma'a, da hantsi

Ba mutuwa zan yi ba, sai ga ni ina fushi. Ɗan Adam ke nan. Jiya ina roƙon rai, yau ina ƙorafin guɗa.

Amma a duba min. 'Yar kowa na yi wa. 'Yar mai kuɗi, 'yar wanda ko goro bai ba ni ba. Tun Asiya na goye nake tanadin tata, na san inda zan ja ta, na san inda zan karya ta. Tawa guda ɗaya tak.

Litinin, da la'asar

An wanke kunnen Malam. Abin da ya fito daga na hagu, baƙi ƙirin kamar ƙwallon dabino, har da guntun gashin kaza a jiki. Malam ya zabura ya dafe kujera ya ce, "Wane ne ke wannan ƙara?" Fanka ce. Sai kuma ya ji muryar kansa, ya rufe baki, ya ce a hankali, "Haka nake magana?" Muka ce shekara nawa.

Na dama bai buɗe sosai ba. Likita ta ce wannan na shekaru ne, ba datti ba, sai haƙuri ko na'urar sawa in hali ya yi. Ta ce kada ya ƙara tura komai a kunne, kuma da ya zo tun da ya fara jin nauyin, da bai yi wannan zaman ba. Malam ya ce ya ɗauka tsufa ne. Duk hanyar tasha yana waige-waige kamar baƙauyen da ya fara shiga birni, wai takalminsa ƙara yake yi.

Alhamis, da safe, a gida

Gida daɗi. An fara yankan dawa. Mairo ta hana ni zuwa kusa da murhu, ita da Asiya ke girki, ni ina zaune ina ba da umarni da ludayi kamar sarauniya.

Malam ya zama abin dariya. Ya gano ƙyauren ɗakinsa yana kuka, ya sa masa man gyaɗa. Ya gano zakaran Mairo ba shi da mutunci. Ya gano Asiya tana daɗewa a waya da Khalilu a bayan rumbu. Ɗazu ya bar butarsa a tsakiyar hanya, na yi tuntuɓe, na ce ƙasa-ƙasa yadda na saba, mutum ya tsufa bai san inda ake ajiye buta ba. Sai na ji daga zaure, "Na ji, Hure." Na daskare. Ya leƙo yana murmushi ya ce, "Ashe haka kike yi min duk shekarun nan?" Na rufe fuska da mayafi. Dole in koyi sabon zama da mutumin nan, baki shi ke yanka wuya.

Asabar, da azahar

Murya ta fara leƙowa da safe, siririya, kamar ta wata. Ina tattalinta.

Talata, bayan la'asar

An sa amarya a lalle. Da aka zo wurin da nake yin guɗa, mata suka juyo suna kallona don sabo, sannan suka tuna suka sunkuyar da kai. Aka wuce wurin shiru. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Na shiga ɗaki ina lissafi. Guda ɗaya dai. Gajeriya. Ranar kai amarya kawai. Likita tana Kano, ina za ta ji?

Juma'a, da hantsi

An ɗaura. Na ji hayaniyar maza daga ƙofar gida, Malam ya shigo yana cewa wannan ne ɗaurin auren farko da ya ji sadaki da kunnensa ba a ba shi labari ba. Abinci bai yi yawa ba, amma ya isa, ba wanda ya tashi da yunwa. Anjima za a kai ta, da rana tsaka-tsaka kafin magariba, don yanzu ba mai son hanya in duhu ya yi.

Na yanke shawara. Ba zan rubuta ta ba.

Asabar, da hantsi

An fito da Asiya lulluɓe, ƙawaye na riƙe da ita, motar da Khalilu ya samo tana jira a bakin darbejiya. Malam ya yi mata nasiha gajeriya. Aka zo bakin zaure, daidai inda ƙafar amarya ke tsallake dokin ƙofa, inda nan ne wurina tun kafin a haife ta. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na kama hanci, na cika ƙirji da iska.

Sai hannu mai lalle ya fito daga cikin mayafi ya riƙe min wuyan hannu. Amarya da aka sani da kuka da shiru, ita ce ta ce min a cikin sheshsheƙa, "Inna, kar ki yi. Na fi son in zo ganin gida ki yi min faɗa da bakinki. Kuma Baba fa? Da wa zai yi hira?"

Na saki hancin. Iskar ta fita a banza.

Ban ankara ba Mairo ta gyara ɗamara ta ce, "To ku da Hure ta kai ɗaki, kuna ina?" Ashe sun ƙulla abinsu tun ranar lalle. Matan da ke tsakar gidan nan, tsofaffi da yara, har da uwar Muntaka da ba ta da haƙori ko ɗaya, kowace ta kama hanci, suka saki guɗa gaba ɗaya. Awaki suka tsinke igiya. Malam ya toshe kunnen hagu da tafin hannu.

Gaskiya ba wadda ta iya a cikinsu. Wata ta fara da wuri, wata ta ƙare da tari, Mairo kuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da ina da murya da na koya musu inda ake ja da inda ake karyawa. Na tsaya a tsakiyarsu ina kuka kamar ni ce amaryar, kuma ban taɓa jin guɗar da ta kai wannan ba.

Lahadi, da la'asar

Baƙi sun watse. Mairo ta kwashe tukwanenta. Na share tsakar gida, na sami ɗan kunnen wata da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ɗakin Asiya a buɗe, ba komai sai ƙusoshin da ta rataya kaya. Wannan ce ranar da nake tsoro tun farkon littafin nan, ga ta ta zo, ba ta kuma cije ni ba. Sati mai zuwa zan koma wurin likita. Guɗa ko ta dawo ko kar ta dawo, akwai 'yar Mairo ƙarama da na ga tana da maƙogwaro, zan koya mata da hannu.

Malam yana can bakin rumbu yana gyaran igiyar awaki, ya ba ni baya, tsakaninmu duk faɗin tsakar gida. Na tsaya a ƙofar ɗakin da tsintsiya a hannu. Ba da shi nake ba, ni kaɗai nake maganata, da 'yar muryar nan da ba ta fi ta sauro ba. Na ce, Allah ya zaunar min da ke lafiya, Asiya.

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Amin, Hure."